Jini ko Kira: Yadda Masu Addinin Gargajiyar Turai ke Zaɓen Abin Bauta

Masu farfaɗo da tsoffin addinan Turai sun rabu biyu kan yadda mutum zai gane abin bautar da zai jiɓinci lamarinsa.

Ɓangare na farko ya riƙe jini. A ganinsu, Odin da Thor, tsoffin ababen bautar arewacin Turai, na jikokin mutanen yankin ne kawai. Ƙungiyar Asatru Folk Assembly, wadda Stephen McNallen ya kafa a Amurka, kan wannan ta tsaya. Akidar tana ba mutum tushe da tarihin da zai dogara da su, sai dai tana rufe ƙofa ga wanda launin fatarsa ya bambanta. Shi ya sa a 2016 ƙungiyoyi da dama suka sa hannu a takardar Declaration 127, suka nesanta kansu da Asatru Folk Assembly.

Ɗaya ɓangaren ya ce abin bautar ne ke kiran mutum, ta mafarki, ko karatu, ko sana'a: maƙeri ko mawaƙiya sai su karkata ga Brigid, abar bautar ƙira da waƙa ta ƙasar Ailan. Ƙungiyar Troth, da aka kafa a 1987, da Ásatrúarfélagið ta Aislan, wadda gwamnati ta amince da ita a 1973, suna karɓar kowa. Rauninsu shi ne wasu kan yi tsince-tsince ba tare da sanin al'adar ba.

Hujjar jini ta fi ba ni damuwa, domin mutanen zamanin da can ba haka suka yi ba. Rumawa sun bauta wa Isis ta Masar da Epona ta Gaul (yankin Faransa ta yanzu), kuma babu wanda ya tambaye su salsala.