Kwas ɗin gyaran LinkedIn da GitHub: zama ɗaya ne ya fanshi kuɗina

Shekara uku ina rubuta manhajar waya da Flutter, wani kayan aikin haɗa manhaja, amma ko sau ɗaya masu nema wa kamfanoni ma'aikata ba su taɓa yi mini sallama a dandalin neman aiki na LinkedIn ba. Shi ya sa na runtse ido na biya kuɗin kwas ɗin nan na mako biyu da ake ta tallatawa.

A zama na uku malamin ya buɗe shafina na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kowa yana kallo. Kun san ayyuka shida kaɗai ake iya maƙalawa a saman shafi. To nawa duk shidan kwaikwayon darussan YouTube ne, su kalkuleta da manhajar duba yanayi. Ya ce, "Malam, wanne a cikinsu wani ya taɓa amfani da shi?" Na yi tsit, gumi ya keto mini. Can na ambaci 'yar manhajar rubuta bashi da na yi wa kawuna mai shago a Kantin Kwari, wadda na ɓoye don ina ganin ba ta kai a nuna ba. Nan take ya ce ita ce jarina. Ya sa na goge sunayen kwastomomi, na rubuta mata README, wato takardar bayanin manhaja, da hotuna, na bayyana yadda take ajiye lissafi a SQLite, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya, ko babu intanet. A LinkedIn kuma na cire "mai sha'awar fasaha" daga ƙarƙashin sunana, na sa sunayen kayan aikina, wato Flutter, Dart da Firebase, tunda da irin waɗannan kalmomi ake lalubo mutum.

Bayan kwana tara saƙon gayyatar ganawar neman aiki ya shigo. Wallahi tambayar farko da aka yi mini a ganawar a kan manhajar kawu ce.

Amma fa raina ya ɓaci da masu kwas ɗin. Sun yi alkawarin duba takardar neman aikin kowa ɗaya bayan ɗaya. Na tura tawa, yau mako biyar shiru. Na yi tuni sau uku, ana karantawa ba a amsawa. Ragowar darussan ma yawanci bidiyo ne da aka naɗa tuntuni. Da tsohuwar takardata na shiga ganawar nan, alhali gyaranta na cikin abin da na biya. Idan za ku shiga, ku tambayi zama nawa ne na kai tsaye kafin ku tura ko sisi.