Gado mai hawa biyu: na ƙarfe ko na katako, tsani ko matakala, kuma wace katifa?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya yaran. Idan na fahimci tambayarki daidai, yara biyu ne za su haɗa ɗaki, babban yana da shekara 7, ƙanensa 4, ɗakin kuma ba shi da yalwa. Kin ga gadaje biyu: na ƙarfe mai tsani a miƙe, da na katako mai matakala da durowoyi a jikinta. Mai sayarwa kuma yana nuna miki katifar sifirin mai kaurin santimita 25, wai ta fi ta soso mai 15 daɗin kwanciya. Kina so ki san wanne za ki ɗauka.

Zan fara da katifar ne, ko da yake ita kika ambata a ƙarshe, domin a nan aka fi yin kuskure. Katifar gadon sama ba jin daɗin kwanciya ke zaɓarta ba, shingen gefen gadon ne ke zaɓarta. Shingen nan da ke tare yaro kada ya mirgino ƙasa, ba a auna amfaninsa daga gindinsa, daga saman katifa ake aunawa. Dokar Amurka ta gadaje masu hawa biyu, wadda hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar, CPSC, ta fara aiki da ita a shekarar 2000, ta ce dole shingen ya ɗara saman katifa da inci 5, wato kusan santimita 13. Ƙa'idar Turai mai suna EN 747 ta fi tsanani, santimita 16 take nema. To, ki ɗauki abin awo ki auna daga katakan da katifa ke kwanciya a kai zuwa bakin shingen. A ce kin samu santimita 32. Kin ɗora ta soso mai 15, saura 17, kin cika ƙa'idojin biyu. Kin ɗora ta sifirin mai 25, saura 7 kacal, ko faɗin tafin hannunki bai kai ba. Yaron da ya yi juyi biyu cikin barci, da bargo a naɗe a ƙarƙashinsa, zai haye wannan bai ma farka ba. Kin ga kenan kin biya kuɗi mai yawa don ki kashe amfanin shingen da kanki. Gadajen kamfani da yawa suna da layi ko takarda a jikin ƙafar gadon da ke nuna iyakar kaurin katifa. Ki neme shi, kuma ki bi shi.

Ban da kauri ma, ta sifirin ba ta dace da sama ba. Tana da nauyi, ga ta tana tsalle da mutum, yaro ɗan shekara 7 kuwa ba sai an gayyace shi ba zai gane haka. Sannan ki tuna ke ce za ki riƙa canza zanin gado kina tsaye a kan tsani, hannu ɗaya a riƙe da shinge, ɗayan yana ƙoƙarin ɗaga kusurwar katifa. Ta soso kya iya jawo ta ƙasa ki shimfiɗa zani ki mayar. Aibin soso ɗaya ne: mara kyau yakan lotsa a tsakiya tun ba a je ko'ina ba. Ingancinsa ba a kauri yake ba, a cikar sa yake, ana lissafa shi da kilo nawa ke cikin mita ɗaya ta kowane ɓangare. Mai 30 ko sama da haka yana jimrewa. Idan babu rubutu, ki ɗaga ta ki ji: katifa mai faɗin 90, tsawon 190, kaurin 15, idan cikarta 30 ce za ta kusa kilo 8, idan 18 ce ba za ta kai kilo 5 ba. Irin soson nan mai laushi da ke ɗaukar siffar jiki yana riƙe zafi, kuma saman gado dama ya fi ƙasa ɗumi tunda iska mai zafi sama take taruwa, don haka ni ban ga dalilin sa shi a can ba. Gadon ƙasa kam, in kina son ta sifirin ɗin ki sa, amma kowane santimita da kika ƙara ta ƙasa, daga sararin kan yaron kika cire shi. Kuma da yake ƙaramin ne zai kwanta a nan, ki haɗa da rigar katifa wadda ruwa ba ya ratsawa, saboda fitsarin kwance.

Wani abu kuma game da katifa shi ne tsawonta. Akwai mai 190, akwai mai 200, a ido kusan ɗaya suke. Idan kika sa mai 190 a gado mai 200, kin bar rami na santimita 10 a kai ko a ƙafa. Wannan ramin ba ƙaramin abu ba ne, ga dalili.

Faɗuwa ce aka fi gani, amma maƙalewa ta fi kisa. Ƙaramin yaro kansa ya fi ƙirjinsa kauri. Idan ya zura ƙafafu ta wata kafa, jikinsa zai bi ya wuce, kan ya tsaya, nauyin jikin ya rataya a wuya. Shi ya sa dokar Amurka ta hana a bar tazarar da ta wuce inci 3 da rabi, kusan santimita 9, a jikin shinge ko tsakanin shinge da gado. A Birtaniya an taɓa yin doka a kan wannan a 1987, ita kuma ta ce tazarar ta tsaya tsakanin santimita 6 da 7 da rabi. Kuma shinge gefe biyu ake so, har da gefen bango. Mutane kan ce ai bango ya tare, amma gado yana gusawa kaɗan-kaɗan, yaro ya zurma tsakaninsa da bangon. Duk gadon da shingensa gefe ɗaya ne, ko na zinariya ne ki bar shi.

Yanzu ƙarfe da katako.

Na ƙarfe ya fi sauƙin ɗauka, ba ya cin wuri, ƙwari ba sa cinsa, goge shi ma da tsumma kawai ne. Rauninsa yana wurin walda da wurin noti. Ki sunkuya ki duba inda sandar gefe ta haɗu da ƙafar gado. Walda mai kyau za ki ga ta zagaye mahaɗar gaba ɗaya, a jere, ba tsaga. Mara kyau ɗigo biyu ko uku ne aka ɗana aka shafe da fenti, in kin sa farce ma kina jin ramin da ke tsakani. Bututun da bai da kauri kuma yana lanƙwasa a hankali. Sai ƙara: ƙarfe na gogar ƙarfe, na sama ya juya, na ƙasa ya farka. Inda ɗaki ke da danshi tsatsa na kama shi, kuma daga mahaɗar take farawa.

Na katako ya fi nauyi, nauyin nan kuwa alheri ne, domin ba ya rangaji sosai idan ana hawa. Ba ya yawan kuka, ba ya sanyi a jiki, in wani wuri ya lalace kafinta zai gyara. Amma "katako" suna ne da ke rufe abubuwa biyu mabambanta. Akwai katako na gaske da aka yanko daga itace, akwai kuma garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai kama da itace. Na biyun yana da kyau a ido, sai dai ba ya riƙe sukuru sau biyu: a kwance shi a sake ɗaurawa, ramin ya yi faɗi, in ruwa ya taɓa shi kuma ya kumbura. Ki duba ƙarshen allon ta baya ko ta ƙasa inda ba a rufe ba, za ki gane. In durowa ce aka yi da shi ba laifi. Ƙafafu da sandunan da ke ɗauke da yaro a sama kuwa, na gaske ake so, mara tsaga, mara babban ƙulli a tsakiya, kuma a ɗaure da noti mai ratsawa, ba ƙusa ba.

A ganina tambayar "ƙarfe ko katako" ba ta kai yadda ake ɗaukarta muhimmanci ba. Ƙarfe mai kauri da walda mai kyau ya fi garin katako nesa ba kusa ba, katako na gaske kuma ya fi siririn bututu. Gwajin ɗaya ne ga duka biyun: ki kama ƙafar gadon ta sama ki girgiza da ƙarfi, gaba da baya, hagu da dama. In ya bi hannunki, zai bi na yara. Sannan ki kwanta a gadon ƙasa ki tura katakan sama da tafin hannu. Bai kamata ko ɗaya ya ɗaga ba, domin abin da ƙaramin zai yi ke nan da ƙafafunsa ranar da suka yi faɗa da yayansa. Ki kuma tambayi nauyin da gadon sama ke iya ɗauka, tunda wata rana babba zai hau, ko don jinya ko don rarrashi.

Tsani da matakala, nan ne zaɓin ya fi wuya a wurinki.

Matakala ta fi aminci, wannan babu gardama. Ƙafa tana sauka gaba ɗayanta a kan faffaɗan wuri, yaro yana iya saukowa yana kallon gabansa, ga durowoyi da za su rage miki tarkace. Matsalarta ita ce cin wuri. Tana ƙara wa tsawon gado kusan rabin mita, gado mai mita 2 ya koma kusan 2 da rabi, kuma durowoyin suna buƙatar fili a gabansu kafin su buɗu. Kin ce ɗakin ƙarami ne, saboda haka ki auna bangon kafin ki ƙwallafa rai. Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa: matakalar da ta sauƙaƙa wa ɗan shekara 7 hawa, ta sauƙaƙa wa ɗan shekara 4. Ƙa'idojin Amurka da na Turai sun haɗu a kan cewa yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya hau gadon sama. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2008, wanda ya duba shekarun 1990 zuwa 2005, ya gano cewa a Amurka kaɗai kimanin yara da matasa 36,000 ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda irin wannan gado, kusan rabinsu ba su kai shekara 6 ba, kuma kai da wuya ne suka fi jin rauni. Ƙaraminki yana cikin wannan rukunin har nan da shekara biyu.

Tsani a miƙe ba ya cin wuri ko kaɗan, amma shi ya fi wuyar sauka. Ki kwatanta yaro ya farka tsakar dare fitsari ya matse shi, ido rabi a rufe, ya juya baya yana lalube da ƙafa a cikin duhu. In matakin zagayayyen bututu ne, tsakiyar tafin ƙafa kawai yake taɓawa, yana da zafi, in da safa kuma santsi. In faffaɗa ne, ƙafar ta zauna. Wannan ɗan bambancin ya fi launin gado da adonsa muhimmanci, kuma a nan ne gadajen ƙarfe da yawa suke faɗuwa jarrabawa. Tsani mai ɗan jingina shi ne tsaka-tsaki: ya fi na miƙe daɗin hawa, yana ɗan cin fili a ƙasa, kuma ana iya tuntuɓe da gindinsa. Ko wanne ne, ya zama a ɗaure yake da gadon, ba rataye shi kawai aka yi ba, tazarar matakan ta zama iri ɗaya, tsakanin santimita 20 da 30, ƙofar da aka bari a shinge don hawa kuma kada ta wuce 38 zuwa 40.

Ga yadda zan yanke in ni ce. In bangon ya ɗauki mita 2 da rabi, ƙafafun gadon kuma katako ne na gaske, ki ɗauki na katakon mai matakala, ki sa ƙaramar ƙofa mai sakata a bakin matakalar har ƙaramin ya cika shekara 6. In bangon bai ɗauka ba, na ƙarfen ma ya yi, da sharaɗin waldarsa ta yi kyau kuma matakan tsaninsa faffaɗa ne, ko a ɗaura musu faffaɗan katako. A duka biyun, ta soso mai 15 ce za ta hau sama, bayan kin tabbatar da awon shingen.

Kafin a kawo gadon, ki auna daga inda saman katifa zai tsaya zuwa silin. Ana so babban ya iya zama a miƙe kansa bai taɓa ba, wato kamar santimita 75 zuwa sama. In akwai fankar sama a ɗakin, ki duba inda fukafukanta ke kaiwa, hannun yaro a miƙe kada ya iso su, in ya iso sai dai a matsar da gadon ko a canza fankar. A nisanta shi da taga da igiyar labule. Kada a rataya bel, jaka mai igiya ko igiyar tsalle a ƙafar gadon, kuma in ƙafafun suna da dogon kai na ado a sama, yana iya kama wuyan riga. Ki sa 'yar fitila mara haske sosai kusa da tsanin, mutum ɗaya a sama a lokaci guda, sannan duk bayan 'yan watanni a bi notocin da sifana a ƙara ɗaure su, musamman a watannin farko da sabon gado ke saki.