Kayan tafiya marasa nauyi a ruwan Sikotland: abin da ya biya kuɗinsa da abin da bai biya ba

Mai shagon da ya haɗa mini kayan nan a Glasgow ya yi mini alkawari guda: jakar goyona ba za ta wuce kilo 11 ba, har da abinci da ruwan sha. Ya cika alkawarinsa. Tanti, jakar barci, katifar iska, rigar ruwa, murhun gas da tukunya, duk na zamani ne masu sauƙin ɗauka, kuma kafaɗata ta gode masa. Amma bayan na taka hanyar West Highland Way da su a watan Oktoba, hukuncina shi ne a ƙasa mai sanyi da ruwa ba kowane nauyi ake ragewa ba. A wasu kayan rashin nauyi alheri ne, a wasu kuwa kuɗi mai yawa kake biya don a rage maka kariya.

Ga wanda bai san hanyar ba, tana tashi daga Milngavie a gefen Glasgow ta ƙare a Fort William, ƙarƙashin dutsen Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Tsawonta kilomita 154, an buɗe ta a 1980, kuma galibin mutane kan yi mako guda a kanta. Ba hawan dutse ba ce ta igiya da ƙugiya, wurin da ya fi tudu bai wuce mita 550 ba. Wahalarta a ruwa take. Yammacin Sikotland na cikin wuraren da suka fi shan ruwan sama a Turai, kuma ba irin ruwanmu ba ne da zai zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke rana ta fito. Yayyafi ne da iska, wuni guda cur, ma'aunin zafi yana yawo tsakanin digiri 5 da 10, da dare kuma ya kusanci sifiri. Abin da ya jiƙe yau a jiƙe zai kwana.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai, wato rigar ruwa. Nauyinta bai kai giram 200 ba, ana cusa ta cikin aljihunta ta koma kamar dunƙulen hannu, kuma takardar da ke jikinta ta ce tana jure matsin ruwa na milimita 20,000. Wannan adadi gaskiya ne a ɗakin gwaji, inda ake ɗora ruwa a kan sabon ƙyalle har sai ya ɗiga. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne yadda rigar take aiki. Fallenta na ciki yana da ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa ba ya iya shiga amma tururin gumi yana fita. Na waje kuma an shafa masa sinadarin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. In wannan shafin ya goge, ƙyallen waje sai ya sha ruwa ya toshe hanyar tururi, gumin jikinka ya rasa mafita ya taru a ciki. Rigar ba ta yoyo, amma kai ka jiƙe. A siririyar riga irin wannan, igiyoyin jakar goyo ne suka fara cinye shafin a kafaɗa da ƙugu, tun muna gaɓar tafkin Loch Lomond. Kafin mu kai Tyndrum duk bayana ya zama sharkaf.

Na gane girman matsalar a filin Rannoch Moor, tsakanin Bridge of Orchy da Kingshouse, tafiyar kusan kilomita 20 a tsohuwar hanyar duwatsu, babu ƙauye, babu rumfa, babu ko bishiyar kirki da za ka raɓe. Iska tana kaɗo ruwan a kwance. Siririn ƙyallen ya manne da fatata, kuma ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, don haka da zarar na tsaya cin dabino sai haƙorana su fara haɗuwa. Abokin tafiyata, wanda ya girme ni kuma ya daɗe a ƙasar, yana sanye da tsohuwar riga mai falle uku, nauyinta ya ninka na tawa har da ɗoriya, tana da zif a hammata na shan iska da hula mai tauri da ba ta faɗowa kan ido. Ya dube ni ya ce, "Malam, sa suwaitarka a ciki yanzu, kada ka jira sai mun isa. Sanyin nan ba ya sallama." Ba wasa yake ba. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum kan fara makyarkyata, magana ta sarƙe, tunani ya rikice, kuma yawanci ba a ƙanƙara hakan ke samun matafiya ba, a irin wannan ruwa da iska ne. Giram 250 da na rage a riga bai kai wannan kasadar ba. Rigar ta dace da mai gudun safe ko mai yawon wuni ɗaya da zai koma gida ya yi wanka da ruwan zafi. Wanda zai kwana a tanti ya nemi mai kauri. Wandon ruwan da aka haɗa mini da ita kuwa ya yi aikinsa lafiya, tunda babu abin da ke gogarsa.

Jakar barci ce ta fi komai tsada, ita ce kuma na fi yabawa, da sharaɗi. Cike take da lallausan gashin ƙirjin dinya, mai lambar kumburi 800 (ma'aunin yadda gashin yake kumbura ya tara iska), nauyinta ƙasa da kilo ɗaya. Babu abin da ya kai wannan gashi riƙe ɗumi a kan nauyinsa, domin iska yake tarawa a tsakaninsa, iskar ce ke hana zafin jiki gudu. Mai saye ya lura da lambobi uku da ake bugawa a jikin irin waɗannan jakunkuna bisa ma'aunin ISO 23537: ta jin daɗi, ta iyaka, da ta tsira da rai. Masu talla sun fi son nuna ta tsakiya ko ta ƙarshe. Ta farko ita ce gaskiyar barci, musamman ga wanda ya tashi a ƙasar zafi. Tawa lambar jin daɗinta tana daidai sifiri, kuma ban taɓa farkawa saboda sanyi ba.

Sharaɗin shi ne kada ta jiƙe. In gashin ya sha ruwa sai ya lanƙwame ya cure, kamar kazar da ruwa ya yi wa duka, ɗumin ya tafi, kuma ba zai bushe a hanya ba. Rufin ruwan da ake sayarwa tare da jakar goyo bai isa ba, ruwa yana gangarowa ta tsakanin bayanka da jakar. Abin da ya cece ni babbar leda ce mai kauri, irin ta zuba ɓaraguzan gini, da na shimfiɗa a cikin jakar goyo, na zuba jakar barci da kayan kwana a ciki na murɗe bakinta. Ita ce mafi arha a duk kayana, kuma ba ta huje ba har Fort William. Duk da haka laima tana da wata hanyar. Numfashin mutum da danshin ƙasa suna taruwa a jikin tanti cikin dare. Da asuba in ka haska tocila za ka ga ɗigo-ɗigo jere a saman kanka, in ka motsa ƙafa ƙasan jakar ya shafi bango ya kwashe su. Kowace safiya wurin ƙafa yakan ɗan yi danshi, kullum kumburin yana raguwa kaɗan. Na riƙa zura ƙasan jakar cikin rigar ruwa in ja zif, wannan ya taimaka, a nan ma rigar ta fi amfani. A Kinlochleven muka sami masauki mai ɗakin shanya, jakar ta kwana a rataye ta dawo yadda take. Wanda zai yi tafiya mai tsawo ba tare da irin wannan ɗaki a hanya ba, gara ya ɗauki jaka mai cikin zaren roba. Ta fi nauyi da girma, amma ko ta yi danshi tana riƙe wani abu na ɗumi.

Tantin na mutum ɗaya ne, mai rufi biyu, kilo ɗaya da 'yan kai. Abin da na fi so a jikinsa shi ne ana kafa rufin waje da na ciki a tare, don haka ruwa ba ya dukan ɗakin kwana yayin da kake fama da turaku. Tantunan da ake fara kafa na ciki sun fi dacewa da ƙasashen rani. Turakun da ya zo da su sirara ne, suna zamewa a ƙasa mai taushi, sai na riƙa danne su da duwatsu. Dokar Sikotland ta 2003 ta ba mutum damar kafa tanti a daji muddin zai kiyaye wurin, sai dai a gabashin Loch Lomond akwai takunkumi kan kafa tanti daga Maris zuwa ƙarshen Satumba. Oktoba ta fitar da mu daga wannan, ta kuma raba mu da ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar mutane a lokacin zafi. Kaska dai ban sake da ita ba, nakan duba ƙafafuna kowane dare saboda cutar Lyme da cizonta ke sawa.

Katifar iska ba ta da abin cewa. Lambar kariyarta daga sanyin ƙasa ta kusa 4, ta isa. Mutane suna raina wannan, alhali gashin da ka kwanta a kai ya danne ba ya ɗumama komai, katifar ce ke tsakaninka da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kan takalmi ni da abokina ba mu daidaita ba har yau. Shi yana tare da babban takalmin fata mai rufe idon sawu. Ni na sa mara nauyi irin na masu gudu a daji, wanda ruwa ke shiga ya fita. Nasa ya yi kwanaki a bushe, amma ranar da ya nutsa cikin taɓo ruwa ya shiga ta sama, bai sake bushewa ba. Nawa kullum a jiƙe yake, amma ba ya tara ruwa, kuma a mummunan yankin nan tsakanin Inversnaid da Inverarnan, inda ake taka saiwoyi da duwatsu masu santsi, ƙafata ta fi sakewa. Abin da ya sa hakan ya yiwu safar ulu ce ta tumakin merino. Ulu yana shan danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ka ji shi a jiƙe, kuma ko ya jiƙe yana da ɗumi, ba ya saurin wari. Auduga akasin haka take, ta sha ruwa ta riƙe, don haka ko singileti na auduga ban ɗauka ba. Tsarina kaya kashi biyu ne: na tafiya, waɗanda na haƙura da jiƙewarsu, da na kwana, waɗanda ba sa fita daga leda sai cikin tanti. Mafi wuyar lokaci a kowace rana shi ne cire busasshiyar safa da safe a mayar da ta jiya mai sanyi kamar ƙanƙara. Minti goma na tafiya take ɗumama. Wanda ya ji tausayin kansa ya fita da ta kwana, daren nan ba shi da busasshen abu ko ɗaya. A duwatsun Rannoch Moor tafin ƙafata ya yi tsami saboda ƙasan takalmin siriri ne, wannan kam gaskiyar abokina ce. Man kaɗanya da nake shafawa kafin barci ya hana fatar tsagewa, bororo kuwa ban yi ba.

Murhun gas ɗin ɗan mitsitsi ne, yana tafasa ruwa da sauri in babu iska, in akwai kuwa sai ka kare shi da jikinka. A duba gwangwanin gas ya zama gaurayen isobutane da propane, domin butane zalla yana daina tashi in sanyi ya kai wajen sifiri. Mai shago ya ba ni ƙaramin gwangwani na giram 100, na canza shi da na giram 230, saboda lissafinsa bai haɗa da ruwan alwala ba. Ruwan rafi a can yana sa yatsu su sandare, nakan ɗan ɗumama rabin kofi in sirka. Rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli ya sauƙaƙa sauran, katifar kuma ta zama dadduma.

Abincin leda da ake zuba wa ruwan zafi yana da tsada, kuma sai ka tsaya karanta abin da ke ciki saboda naman da bai halatta ba. Na ɗauki kaɗan marasa nama, sauran na haɗa da kaina: garin rogo da madarar gari da sukari da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, da dambun naman da aka yi mini a Glasgow, tunda ba a yarda a shigo da nama daga gida ba. Duk busassu ne, ba su da nauyi, suna da mai, kuma jiki a sanyi mai yake nema. A Tyndrum a cika jaka sosai, daga nan babu kantin kirki sai Kinlochleven, bayan an haye tudun Devil's Staircase.

Da za a ce in sake saye, jakar barci da tanti da katifa zan biya kuɗinsu ba tare da ciniki ba, a nan ne kilo biyu ko uku suke sauka daga bayan mutum. Rigar ruwa zan ɗauki mai falle uku, in ƙara safar hannu ta biyu da turaku masu faɗi. Rigar nan na wanke ta da sabulunta na musamman na sake fesa mata sinadarin, ruwa ya koma gangarewa, amma na mayar da ita ta zuwa aiki. Jakar barci kuma ba a ajiye ta a matse cikin ƙaramin buhunta, gashin yana karyewa. Tawa tana cikin babban buhun raga a saman kabad.