Yawon wuni guda a ƙasar Tuscarora: kuɗina bai tafi a banza ba, amma ina da ƙorafi

Asabar ɗin da ta wuce na bi wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a jihar North Carolina ta Amurka, domin ganin wuraren da aka gwabza yaƙin Tuscarora, wato yaƙin da aka yi tsakanin ƙabilar Tuscarora, 'yan asalin ƙasar, da Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Mu takwas ne a motar, kuma an tashi kan lokaci, abin da ban saba gani ba.

Daga New Bern aka fara, inda kogin Neuse ya haɗu da Trent. Jagoranmu ya iya bakinsa. Ya ba mu labarin yadda Christoph von Graffenried ya kafa garin a 1710 da baƙi daga Suwizalan da Jamus, da yadda 'yan Tuscarora suka kama shi tare da John Lawson mai safiyo a 1711, suka bar Graffenried da ransa, suka kashe Lawson. Daga nan sai harin da suka kai wa Turawa ran 22 ga Satumba na wannan shekarar, ƙarƙashin sarkinsu Hancock.

A nan ne raina ya ɓaci. Yadda ya tsara zancen, sai ka ɗauka mutanen nan sun wayi gari ne kawai suka far wa Turawa. Sai da na tambaya kafin ya faɗi cewa a kan wani ƙauyen 'yan ƙasa aka gina New Bern ɗin, kuma fatake sun daɗe suna sace musu mata da yara suna sayarwa bayi. Tun 1710 Tuscarora suka aika wakilai Pennsylvania suna kukan wannan, suna neman inda za su zauna lafiya. Ai wannan shi ne kan labarin, bai kamata sai an roƙa ba.

Da rana muka isa Neoheroka, inda Tuscarora suka gina ganuwarsu, kusa da garin Snow Hill. Gonaki ne shimfiɗe, shiru, sai abin tunawa da aka gina a 2013. A nan ne cikin Maris 1713 Kanar James Moore daga South Carolina, da mayaƙan da galibinsu 'yan wasu ƙabilun ƙasar ne, suka cinna wa ganuwar wuta. Kimanin mutum 950 aka kashe ko aka kama, da yawa aka sayar da su. Na yaba wa jagoran a wurin nan, domin ya ja bakinsa ya bar mu muka tsaya shiru kusan minti goma.

Sauran ya taƙaita su a hanyar dawowa: Tom Blount, wani sarkin Tuscarora, da mutanensa na arewa sun goyi bayan Turawa, akasarin waɗanda suka tsira suka yi ƙaura zuwa New York, inda a 1722 suka zama ƙabila ta shida a ƙawancen ƙabilun 'yan asalin ƙasar da ake kira Iroquois. Har yau zuriyarsu na zaune kusa da Lewiston, daf da Niagara.

Wanda zai je ya riƙe ruwa da guzurinsa, domin ba a tsaya cin abinci ba sai bayan la'asar. Tauraro huɗu na ba su cikin biyar.