Fitilar sola da na tafi da ita Gambiya

Tunda na dawo Kano mutane ke ta tambayata wai me ya fi min amfani cikin kayan da na tafi da su, to amsar dai ɗaya ce wallahi, fitilar sola da na saya a kasuwar Sabon Gari ana saura kwana uku in tashi. Na je ne a shirin TAC, wanda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1987 take tura malamai da ma'aikatan lafiya aikin sa kai na shekara 2 a wasu ƙasashen, ni Gambiya aka kai ni koyarwa, wani ƙauye can ciki wajajen Basse, kuma gidan da aka sauke ni ba wuta sam.

Irin mai ƙwai uku ce, da ɗan farantin sola da akwatin batir mai wajen cajin waya da rediyo a jiki. Mai shagon ya kyauta min gaskiya, bai bar ni na tafi ba sai da ya haɗa komai a gabana ya kunna ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ya ce in riƙa goge farantin kullum. A lokacin na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne, ashe ƙurar hunturu in ta kwanta a kai caji baya shiga yadda ya kamata.

Da asuba nake kunna ta tsakar gida in yi alwala in hura gawayi a kurfoti, in gari ya waye in je famfon tuƙa-tuƙa ɗebo ruwa, sannan in hau benci in goge farantin a saman kwano kafin in wuce makaranta. Da daddare kuwa nan ne ta biya kuɗinta. Zafin Basse ba wasa ba ne, ɗaki baya zaunuwa, sai in rataye ƙwai ɗaya a bishiyar mangwaron gidan in shimfiɗa tabarma ina makin takardun yara, kafin ka ce me yaran gidan da na maƙwabta sun zagaye ni da littattafansu, samari na gefe suna dafa ataya, wato shayinsu, zagaye uku, matar mai gidan ta miƙo min domoda, miyar gyaɗarsu ce da shinkafa, har yau ina kewarta. Yawancin Fillancin da na iya a ƙarƙashin hasken nan na koye shi. Kuma ko sau ɗaya ban sayi kananzir ko kyandir ba.

Amma akwai inda ta gaza. Da damina, musamman Agusta, in hadari ya yini to zaɓi zaka yi, ko haske ko cajin waya, duka biyun basa yiwuwa, akwai daren da na kasa kiran Hajiyata saboda haka kuma abin ya dame ni sosai. Kebul ɗin farantin gajere ne sai da na sa aka ƙara min, makunnin ƙwai ɗaya ya lalace tun wata na biyar, rediyon kuma shuuu kawai yake sai ka fita waje da shi.

Duk mai shirin irin tafiyar nan ko zaman ƙauye, dan Allah ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai babban faranti, ka tambaya batirin litiyom ne ko a'a, a gwada maka a shagon, ka haɗa da ƙwai ɗaya na ajiya. Tawa can na baro wa mai gidan, shekaranjiya ɗansa ya turo min saƙon murya a WhatsApp ya ce ƙwai biyun na nan na ci.