Sharhi: WordPress a hannun editocin da ba su san harkar kwamfuta ba

WordPress, manhajar gina shafin intanet da wallafa rubutu a kansa, muke amfani da ita a wani ƙaramin shafin labarai na Hausa a nan Kaduna. Editocinmu gogaggun 'yan jarida ne, wasu sun fito daga gidan rediyo, sun iya gyaran labari ƙwarai, amma yawancinsu da waya suka saba aiki. A ganina manhajar ta dace da irinsu, da sharaɗin kada a miƙa musu ita yadda ta zo. Sauƙin da ake yi mata shela ba ya zuwa da kansa. Sai wanda ya kafa shafin ya zauna ya rage abubuwan da edita zai gani.

Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da ita a 2003, kuma kyauta ce. A Disamba 2018, da sigar 5.0, aka kawo sabon filin rubutu mai suna Gutenberg, inda kowane sakin layi da kowane hoto ke zama bulo guda mai zaman kansa. Nan matsalar farko take. Edita zai danna alamar ƙari ya tarar da bulo iri-iri, na tebur, na ginshiƙi, na maɓalli, alhali abin da yake buƙata bai wuce sakin layi, ƙaramin kanu, hoto, maganar da aka ɗauko, da bidiyon YouTube ba. Sauran a rufe su. A fayil ɗin theme.json kuma, mai kula da fasalin shafi, wanda ya shigo da sigar 5.8, ana iya hana sauya launi da girman rubutu. In ba a yi haka ba, za a wayi gari wani ya sa kanun labarinsa ja, wani kore, shafin ya koma kamar rumfar mai atamfa. Akwai Classic Editor, wata manhajar ƙari (plugin, ƙaramar manhajar da ake ɗora wa WordPress), mai dawo da tsohon filin, dattawan da suka saba da Word sun fi son sa, amma ban ga hikimar horar da sabon ma'aikaci a kansa ba.

Abu na biyu shi ne matsayi. Manhajar na da matakai biyar na izini ga masu aiki a shafi, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ba kowa matsayin Administrator don a huta da ƙorafi. Mai wannan matsayi yana iya goge manhajar ƙari ko sauya fasalin shafin gaba ɗaya da dannawa ɗaya. Edita a ba shi Editor: zai gyara kuma ya wallafa rubutun kowa, amma ba ya ganin saituna. Wakilan da ke aiko da rahoto daga Rigasa, Kawo ko Zariya a ba su Contributor, su rubuta su tura a duba. Sai dai wannan matsayi ba ya iya ɗora hoto, abin da ke sa wakilai komawa tura hotuna ta WhatsApp. Da manhajar ƙari mai suna User Role Editor ana buɗe musu wannan izini ɗaya ba tare da an ba su ikon wallafawa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Manhajar na adana su lafiya. Matsalar a wajen nuna su take. In salon harafin da aka zaɓa bai ƙunshe su ba, burauza za ta aro su daga wani salon, sai ka ga ƙ a tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa kauri, ko a tsohuwar waya ya fito a matsayin akwati. Kafin a zaɓi salo, a rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" a duba a waya da kwamfuta, da manya da ƙananan baƙaƙe. Noto Sans da Andika suna da su duka. Sannan adireshin labari: manhajar daga kanu take haɗa shi, in akwai ƙ a ciki, idan aka kwafa zuwa WhatsApp sai ya koma %c6%99, adireshin ya yi tsawo ya yi muni. Dokar da muka sa mai sauƙi ce: kafin wallafawa, edita ya mayar da adireshin kalmomi huɗu ko biyar da baƙaƙe marasa lanƙwasa. Bayan an wallafa kuwa kada a sake taɓa shi.

Hoto ma yana cin data. Daga sigar 5.3 manhajar na rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, amma sai ya gama hawa tukuna, kuma hoton waya na yau yakan kai megabait huɗu ko biyar. A wurin da sabis ke rawa, a tsakiya yake yankewa. Wasu masu ba da masaukin shafi ma iyakarsu megabait biyu ce, edita ya ga saƙon kuskure da Turanci bai san me ya faru ba. A koya musu rage hoto tun a waya zuwa faɗin 1200 da tsayin 630, wanda shi ne ke fita daidai a Facebook. Babban hoton labari kuma a mayar da shi dole. Manhajar ƙari mai suna PublishPress Checklists na hana wallafawa in an manta da shi ko da rukunin labari.

Abin da ya fi burge ni shi ne adana rubutu da kansa duk minti ɗaya, da kuma ajiye tsofaffin kwafi. In wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, abin da aka rasa bai wuce layi biyu ba. In mutum biyu suka buɗe labari ɗaya, tana gargaɗin na biyun. Rubutun da aka kwafo daga Word kuwa a liƙa shi da Ctrl+Shift+V don kada ya zo da tarkacen tsari.

Tsara lokacin wallafawa ne bai gamsar da ni ba. Agogon sabon shafi a UTC yake, wato lokacin GMT, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka labarin ƙarfe bakwai sai takwas zai fito in ba a zaɓi Lagos a saituna ba. Ko an gyara wannan, manhajar ba ta duba jadawalinta sai wani ya ziyarci shafin. Labarin da aka tsara don bayan sallar asuba, lokacin da babu masu karatu, yana iya maƙalewa da alamar cewa ya kuskure lokaci. Maganinsa a sabar shafin yake, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi: a kashe WP-Cron, tsarin da ke duba jadawalin, a fayil ɗin saituna na wp-config.php, a sa sabar ta riƙa kiran jadawalin da kanta duk minti biyar. Wannan aikin mai kula da shafi ne, edita ba shi da hannu a ciki.