Wace shimfiɗa za ka sa ƙarƙashin sirdin kaboyi?

Sirdin kaboyin Amurka, wanda ya samo asali daga makiyayan Meziko, an yi shi ne don wuni a kan doki ana bin shanu. Yana da nauyi ƙwarai, na aikin garke yakan haura kilo 18. Ƙashinsa itace ne da aka lulluɓe da ɗanyar fata, a ƙasansa kuma ba abin da ke tare bayan doki sai ɗan gashin tunkiya. Sirdin Ingila yana zuwa da matashinsa a ɗinke, wannan kuwa babu. Don haka duk wanda ya saye shi, dole ya sayi shimfiɗa, kuma a nan ne mutane da yawa ke cutar da dokinsu ba su sani ba.

Idan ka tambaye ni, ka fara duba dannannen ulu. Gashin tumaki ne ake dannawa har ya zama faifai mai kauri. Ulu yana iya shan gumi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, yana barin iska ta ratsa, bayan 'yan hawa kuma sai ya ɗauki siffar bayan dokin. Tsadarsa ce matsalar. Kamfanin 5 Star da ke jihar Akansas ta Amurka ya yi suna da irin wannan, amma kasuwa cike take da wanda aka gauraya da zaren roba. Ka matsa gefensa da yatsu biyu: mai kyau yana da tauri, yana dawowa yadda yake, na bogi kuwa sai ka ji yatsunka sun kusa haɗuwa.

Akwai na robar niyofirin. Ba ya zamewa, kuma da ka watsa masa ruwa ya fita fes. Sai dai yana riƙe zafi. A rana irin ta watan Afirilu, ka cire shi bayan awa biyu ka ga gumi na tsiyaya, fata ta yi laushi, daga nan miki ba ya da nisa. Ga gajeren atisaye ba laifi, ga doguwar tafiya ban yarda da shi ba.

Saƙaƙƙen bargo irin na ƙabilar Nabaho ta Amurka, wanda ake ninkawa biyu, ya fi kowanne kyan gani, amma shi kaɗai bai cika isa ba, yana kuma iya tattarewa. Shi ya sa mahaya da yawa ke ɗora shi a kan siririn ulu. Na gashin roba mai laushi kuwa araha ce kawai, nan da nan yake kwantawa.

Kauri shi ne inda aka fi ruɗuwa. Ana sayar da rabin inci, inci 3/4, da inci 1 ko fiye. Masu jifan shanu da igiya suna sa mai inci 1 saboda fizgar da sirdi ke sha idan an ɗaure igiyar a ƙahon da ke gaban sirdin. Ga hawan yau da kullum, da sirdin da ya zauna daidai, 3/4 ya wadatar. Idan sirdi ya matse doki, ƙara kauri ƙara matsi ne, kamar sa safa mai kauri cikin takalmin da ya yi maka kaɗan. Mu kuwa yawanci akasin haka muke fuskanta. Yawancin sirdunan nan an yi su ne don faffaɗan bayan dokin Amurka da ake kira Quarter Horse, dawakinmu kuma sirara ne masu tudun kafaɗa. Sai sirdin ya zauna ƙasa ya danne ƙashi. Ga irin wannan doki, nemi shimfiɗar da aka yanka da lanƙwasar baya, mai tsaga a wajen kafaɗa, ko mai aljihun da ake cusa ƙarin ulu a gaba. Bayan ka ɗaure majayi ka hau, yatsu biyu zuwa uku su shige tsakanin gaban sirdi da kafaɗar. In ba su shiga ba, sirdin za ka canza.

Kafin ka biya kuɗi, auna fatar gefen sirdinka. Shimfiɗa ta zarce ta da inci 1 zuwa 2 ta kowane gefe. An fi samun mai inci 30 da 30 ko 32 da 32, amma doki mai gajeren baya ba ya son babba, don tana gogar ƙugunsa.

Ranar farko, ka ɗaga gaban shimfiɗar ta shige ramin da ke ƙarƙashin gaban sirdi kafin ka ɗaure. Idan ka sauka, duba gumin. In ya jiƙa baya bai ɗaya, madalla. In ka ga busasshen wuri kamar tafin hannu a bayan kafaɗa, wurin na shan matsi, kuma in aka ci gaba farin gashi zai fito a nan. Ulu kuma a riƙa goge masa gashi da busasshen gumi da burushin roba, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.